Wa ya ba kamfanin fakin adireshina, kuma dole ne in biya?

Tambaya: Ina aikin kula da tsofaffi a Ingila. Motar gidanmu da sunana aka yi mata rajista, amma maigida ne ya ɗauke ta ya je cefane wani babban kanti. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasiƙa har gida daga wani kamfanin da ban taɓa jin sunansa ba, da hoton motar tana shiga da hotonta tana fita, wai ta ƙara minti 22 a kan minti 90 da aka yarda, in biya fam 70, ko fam 40 in na biya cikin kwana 14. Wa ya ba su sunana da adireshina? Doka ta yarda da haka? Wasu sun ce in yaga in zubar, wasu sun ce za ta taɓa min takardun zama. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan tashin hankali. Bari in fara cire miki abin da ya fi tsaya miki a rai. Wannan takarda ba daga 'yan sanda ta fito ba, ba daga kotu ba, ba kuma daga gwamnati ba. Ba ta shiga tarihin masu laifi, ba ta fitowa a binciken DBS da ake yi wa masu irin aikinki, ba ta sa miki maki a lasisi, kuma ba abin da ya haɗa ta da bizarki. Wanda ya ce za ta taɓa takardun zama ya tsorata ki ne a banza. Amma wanda ya ce ki yaga ki zubar ya fi shi cutar da ke, domin shawararsa ta daina aiki a Ingila da Wales tun 2012, kuma na ga mutanenmu da suka bi ta suka wayi gari da hukuncin kotu a kansu saboda kuɗin da bai kai na cefanen mako ba.

Wadda ta ba su sunanki da adireshinki kuwa hukumar DVLA ce, mai rajistar motoci da ke Swansea, kuma doka ta ba ta damar yin haka.

Ki duba saman takardar, za ki ga an rubuta Parking Charge Notice. Wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa in mutum ya yi fakin ba daidai ba a bakin titi sunanta Penalty Charge Notice. Dukansu PCN ake taƙaita su, in a gilashin mota aka manna ma har ledar ruwan ɗorawa kusan iri ɗaya ce. Ta ƙaramar hukuma tara ce ta gaske da doka ta ɗora. Taki kuwa ɗan kasuwa ne yake cewa yana bin ki kuɗi. Filin da ke gaban kantin na mai kantin ne ko na wanda ya ba shi haya, shi kuma ya ɗauki kamfani ya kula masa da shi. Hujjar kamfanin ita ce: mun kafa alluna mun rubuta sharuɗɗa, direba ya gani ya shigo ya ajiye mota, ya yarda ke nan, yarjejeniya ta ƙullu, tun da ya wuce lokaci sai ya biya abin da allo ya ce. A kan wannan yarjejeniya duk maganar take tsaye, in kuwa allon bai fito fili ba to babu ita.

Ga yadda bayaninki ya bi ya isa hannunsu. A bakin shiga da bakin fita akwai kyamarori a kan dogayen sanduna, suna karanta lambar kowace mota su rubuta lokaci. Babu mutumin da ya tsaya ya ga motarku, na'ura ce ta lissafa tsakanin shiga da fita ta ga ya haura minti 90. Daga nan kwamfutar kamfanin ta aika lambar zuwa ta DVLA a ƙarƙashin wata yarjejeniya mai suna KADOE, a biya fam 2.50, amsa ta dawo da sunan wanda motar ke kansa a rajista a ranar da abin ya faru, tare da adireshinsa. Ba a ba su lambar wayarki, ko ranar haihuwarki, ko bayanin lasisinki. Madogarar DVLA ita ce sashe na 27 na dokokin rajistar motoci na 2002, wanda ya ce ana iya ba da bayanin mai mota ga wanda ya nuna yana da dalili mai ma'ana na nema. Sharaɗin da aka gindaya wa kamfanonin fakin shi ne su zama 'yan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin sana'ar guda biyu da aka amince da su, BPA ko IPC. Tambarin ɗaya daga ciki yana jikin takardarki, ki nemo shi don zai yi miki amfani.

Doka dai ta halatta. Amma tun da kin tambaye ni, ba zan ɓoye miki ba, tsarin bai kwanta min a rai ba. Ba da son ranki kika ba DVLA adireshinki ba, dole aka yi miki, in kika ƙi sabunta shi ma ana iya cin ki tarar da ta kai fam 1,000. Abin da aka karɓa da ƙarfin doka amana ce. Kamar mai unguwa ne ya tilasta wa kowa rubuta sunansa da ƙofar gidansa a littafi, sannan ya riƙa buɗe littafin ga duk wanda ya zo ya ce yana bin wane bashi, bai ko tsaya ya ga shaida ba. Babu ma'aikacin da ke duba kowace buƙata kafin a amsa, ba zai ma yiwu ba. A shekarar kuɗi ta 2012 zuwa 2013 buƙatun kamfanonin fakin ba su kai miliyan 2 ba. A ta 2023 zuwa 2024, bisa lissafin da cibiyar RAC Foundation ta yi da alƙaluman DVLA, sun kai wajen miliyan 12.8, kusan 35,000 ke nan kowace rana, kuɗinsu kuma wajen fam miliyan 32. DVLA na cewa ba riba take ci ba, kuɗin gudanar da aikin take mayarwa, kuma tana bin kamfanonin da bincike daga baya. Binciken yakan kama wasu. A 2015 an dakatar da kamfanin UKPC na ɗan lokaci bayan ya amsa cewa wasu ma'aikatansa sun sauya lokacin da ke jikin hotuna. Sai dai kafin a kama, adireshi ya riga ya fita, wasiƙa ta riga ta isa gida, mai tsoro ya riga ya biya.

Majalisa ta san da matsalar. Tun 2019 ta zartar da dokar da ta ce gwamnati ta fito da ƙa'ida guda da za ta ɗaure kamfanonin. Aka fitar da ita a Fabrairun 2022, da nufin rage yawancin kuɗin zuwa fam 50, kamfanonin suka garzaya kotu, a watan Yuni gwamnati ta janye ta. Ƙa'idar da aka fara aiki da ita a Oktoban 2024 ƙungiyoyin kamfanonin ne da kansu suka rubuta, kuma ta bar iyakar kuɗin a fam 100.

A Yunin 2022 ɗin dai, ofishin kwamishinan kare bayanai, ICO, ya faɗi ra'ayinsa a kan ba da bayanan. Ya ce DVLA ta daɗe tana dogaro da hujjar da ba ita ba ce: tana cewa doka ce ta wajabta mata bayarwa, alhali sashen nan na 27 dama ya ba ta, bai ɗora mata wajibi ba. Amma bai ce a daina ba, cewa ya yi akwai hujjar da ta dace, wato gudanar da aikin hukuma, a koma kanta. Na kawo miki wannan ne saboda za ki ci karo da masu cewa ki rubuta wa kamfanin, kun samu bayanina ba da izinina ba, kun karya dokar kare bayanai ta GDPR, ku soke. Irin wannan wasiƙa ba ta soke komai. Izinin mutum ɗaya ne kawai daga cikin hujjojin da doka ta yarda a yi amfani da bayaninsa a kansu.

Kafin Oktoban 2012 kamfanoni a Ingila da Wales kulle tayar mota suke yi da ƙarfe, sai an biya su kwance, wani lokaci ma su ja motar. Abin ya yi muni har aka haramta shi a dokar Protection of Freedoms Act ta 2012. A cikin dokar dai, a jadawali na 4, aka ba su abin da ya maye gurbin ƙarfen: in ba su san direba ba, suna iya bin mai rajistar motar. A da, wanda ya yi shiru yakan tsira, domin da direba aka ƙulla yarjejeniya, su kuma ba su san shi ba. Asalin shawarar a yaga a zubar ke nan, masu ba da ita har yanzu ba su ji labarin an sauya doka ba.

Sai kuma Kotun Ƙoli ta ƙara musu ƙarfi a 2015. Wani mai shagon soyayyen kifi da dankali, Barry Beavis, ya ajiye mota a filin wasu kantuna a Chelmsford inda ake ba da awa biyu kyauta, ya ƙara minti 56, kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85. Ya ƙi biya, ya ce wannan horo ne kawai, ba wanda ya yi asarar ko kwabo. Ya bi shari'ar har ƙarshe, a watan Nuwamba alƙalai shida cikin bakwai suka ba kamfanin gaskiya. Suka ce mai fili yana da buƙata ta halal ta ganin motoci suna shiga suna fita don masu sayayya su samu wuri, fam 85 bai wuce hankali ba, kuma allunan wurin manya ne, suna ko'ina. Akwai abin da ya fito a shari'ar da ya kamata kowa ya sani: kamfanin ne ke biyan mai filin don a bar shi ya yi aiki a wurin, kuma ba shi da hanyar samun kuɗi a filin sai ta waɗanda suka wuce lokaci. Ranar da kowa ya bi ƙa'ida, ranar bai samu komai ba. Saboda wannan hukunci, kada ki ɓata tawada kina cewa kuɗin ya yi yawa. Maganar alluna kuwa hukuncin ƙara mata nauyi ya yi.

To, abin yi. Tun kafin ki rubuta wa kamfanin komai, ki koma kantin. Ki ɗauki takardar da rasit ɗin cefanen ranar. In an yar da rasit, manhajar banki za ta nuna sunan kantin da kuɗin da ya fita, ko katin maki in kuna da shi. Kada ki tsaya wurin mai karɓar kuɗi, ba shi da iko. Ki je teburin sauraron abokan ciniki ki ce kina son ganin manajan da ke bakin aiki. Magana kaɗan ta isa: mu masu sayayya ne a nan, ga shaidar abin da aka kashe ranar, ga takardar da kamfaninku ya aiko, ina roƙon a soke. Kantin ne ya ɗauki kamfanin aiki, kuma a wurare da yawa yana iya sa a soke. Wani manajan a gabanki zai kwafi lambar takardar ya aika saƙo. Kanti ba ya son ya rasa gidan da ke cika keken cefane duk mako saboda minti 22. In ya ce ba ruwansu, ki rubuta wa hedikwatarsu ta imel ki haɗa da hotunan. A abin da na gani babu hanyar da ta kai wannan saurin kashe magana, kuma ita mutanenmu suka fi tsallakewa, don kunya, ko don suna ganin takarda mai tambari ta fi ƙarfin manaja. In aka ce an soke ki nemi a ba ki a rubuce, kada kwanakin ƙorafi su wuce kina jiran alkawarin baki.

Tun da kin je, ki ɗauki hotuna. Ki tsaya a bakin shiga ta inda direba ke shigowa: akwai allo, kuma yana karantuwa daga cikin mota? Ki je layin da aka ajiye motar ki ga ina allo mafi kusa, ko bishiya ko rumfar kekunan cefane ta rufe shi, ko adadin kuɗin da manyan haruffa yake ko an binne shi cikin ƙananan rubutu. In da duhu aka je, ki koma da duhu ki ɗauka ba hasken waya, domin a lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu, alluna da yawa kuma ba fitila a kansu.

Inda lamarinki ya fi ƙarfi shi ne ba ke kika tuƙa ba. Kamfanin bai san wanda ya tuƙa ba, lamba kyamarar take karantawa, kuma babu dokar da ta tilasta miki gaya wa kamfani mai zaman kansa sunan direba. Nan fa ki yi hattara kada ki haɗa da wata takardar: in 'yan sanda ne suka aiko saboda gudun wuce kima, faɗin sunan direba dole ne, ƙin faɗa laifi ne mai maki shida. A takardar kanti zaɓi ne gare ki. In kika ba da sunan maigida da adireshinsa, nauyin ya sauka daga kanki ya hau kansa, wanda a gida ɗaya ba wata riba ba ce. In kika kama bakinki a kan direba, ba za su iya bin ki ba sai sun cika sharuɗɗan jadawali na 4, kuma masu tsauri ne.

Babba a ciki shi ne lokaci. In kyamara ce ta kama, ba a manna komai a gilashi ba, dole wasiƙar ta iso cikin kwana 14, ana fara ƙirga daga washegarin ranar fakin. In an je kanti ranar 3 ga wata, 17 ga wata ce ranar ƙarshe. Doka tana ɗaukar wasiƙar da aka sa a gidan waya ta iso a ranar aiki ta biyu bayan aikawa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Don haka ki ɗauko kalanda, ki nemo ranar da ke saman wasiƙar, ki ƙara ranakun aiki biyu, ki ga ko ta faɗa ciki. In kuwa an fara manna takarda a gilashi, ta gida ba za ta zo ba sai kwana 28 sun cika, ba kuma za ta wuce kwana 56 ba. Sai abin da aka rubuta a ciki. Dole ta faɗi mota da wuri da tsawon lokacin fakin, ta bayyana wanda ke bin kuɗin, ta ce ki biya ko ki faɗi direba, ta kuma gargaɗe ki cewa bayan kwana 28 ke za a bi in ba a biya ba kuma ba a san direba ba. Wasu kamfanonin sukan aiko da takardar da babu wannan gargaɗi sam, musamman in sun san sun makara. Irin wannan, direba kaɗai take iya kamawa. Masu karatu da ke Scotland da Ireland ta Arewa su lura, jadawalin nan na Ingila da Wales ne kawai.

In za ki rubuta, ki ce ke ce mai rajistar mota mai lamba kaza, ba ke kika tuƙa ba, kuma ba za ki ambaci direba ba. A shafinsu na intanet akwai wurin zaɓar ko ke direba ce ko mai rajista, ki lura da wanda kika taɓa. Kada ki buga musu waya, komai a rubuce. Kuma kada ki rubuta ko kalma ɗaya da ba haka take ba. Shiru haƙƙinki ne, amma in magana ta kai kotu hannu za ki sa a kan cewa duk abin da kika faɗa gaskiya ne.

Sauran hujjoji ki ɗauki wadda ta dace da abin da ya faru. Ƙa'idar 2024 ta ba da sassaucin minti 10 bayan lokaci ya cika, kyamara kuma daga ƙofa zuwa ƙofa take ƙirga, har da zagayen neman wuri da layin fita. A minti 22 wannan shi kaɗai ba zai wadatar ba, amma ki ambata. Ki tambayi maigida ko sau biyu ya je ranar, domin na'urar takan ɗauki shigar farko ta haɗa da fitar ƙarshe. In akwai mai naƙasa a motar, shi ya sa cefanen ya ɗau lokaci, dokar daidaito ta 2010 ta wajabta a yi masa sassauci.

Ƙorafin farko kamfanin ake kai wa, cikin kwana 28. In kika kai shi cikin kwana 14 na farko suka ƙi, sukan sake ba ki kwana 14 a kan farashin ragi, don haka gwadawa ba ta cinye miki komai. In sun ƙi, sai ki ɗaukaka ƙara wurin masu duba ƙorafi na waje: 'yan BPA za su ba ki lambar zuwa POPLA, 'yan IPC kuma IAS ake zuwa. Kyauta ne, hukuncinsu yana ɗaure kamfani bai ɗaure ki ba, sai dai in kika je can ragin ya tafi. Masu duba ƙara ba su cika kula da layi ya yi tsawo ko ban sani ba. Kwanaki suke dubawa, da alluna, da shaidar cewa mai fili ya ba kamfanin izini a rubuce, don haka ki nemi a kawo wannan shaidar. A nawa ganin POPLA ta fi IAS sauraron mai mota.

A wannan gaɓa ce dokar kare bayanai ke yi miki aiki na gaske. Kina da haƙƙin rubuta wa jami'in kare bayanai na kamfanin ki ce a ba ki kwafin duk abin da suke riƙe da shi a kanki: hotuna, lokutan da kyamara ta ga motar, ranar da suka nemi bayaninki, da waɗanda suka miƙa wa shi. Kyauta ne, kuma wata ɗaya gare su su amsa. DVLA ma kina iya tambayarta wa ya nemi bayanin motarki, yaushe, da wane dalili. In ya bayyana ba su da dalili tun farko, misali na'ura ta karanta lambar wata mota ta ɗora miki, ko ba su da izini a kan filin, to an keta haƙƙinki. Ki kai ƙorafi DVLA da ƙungiyarsu da ICO, kuma doka ta ba ki damar neman diyya a kotu har a kan damuwar da aka jefa ki ciki. Don bin wannan kuɗi kaɗai aka ba su adireshin. Suna iya miƙa shi ga lauyansu ko masu karɓar bashi, amma ba su da ikon yin talla da shi ko sayar da shi. Sannan tun da DVLA ba ta ba da lambar waya, in saƙo ya shigo wayarki daga sama yana cewa ki danna nan ki biya tarar fakin, 'yan damfara ne.

In aka yi shiru ba a biya ba, wasiƙun masu karɓar bashi ke biyo baya, da jan rubutu da ƙarin kuɗin da ke kai wa fam 70. Waɗannan ba ma'aikatan kotu ba ne, ba su da ikon shiga gidanki ko taɓa kayanki, kuma jadawali na 4 ya ce ba a bin mai rajista fiye da adadin da ke takardar farko. Wasiƙu biyu ne ba a wasa da su. Ɗaya ita ce ta gargaɗin shigar da ƙara, mai ba da kwana 30. Ɗayar ita ce takardar ƙarar kanta, wadda takan fito daga cibiyar kotu da ke Northampton: kwana 14 gare ki ki amsa, in kika sanar cewa kin karɓa sai ya zama 28. Shekara 6 kamfanin ke da su na kai ƙara. Wanda ya kare kansa ko da ya faɗi, in ya biya duka cikin wata ɗaya babu tabon da zai rage. Wanda bai amsa ba shi ake yanke wa hukunci a bayan idonsa, CCJ ke nan, in bai biya cikin wata ɗaya ba ya zauna a tarihin bashinsa shekara 6, ya hana shi hayar gida da lamunin mota da kwantiragin waya.

In kin duba kin ga wasiƙar ta zo a kan lokaci, rubutunta cikakke ne, allunan a fili suke, kantin kuma ya ƙi, to biyan fam 40 ba faɗuwa ba ce, ki biya ki adana shaida. In kuwa ta makara ko babu gargaɗin nan a ciki, kada ki biya ko sisi, ki tsaya a kan hujjarki har POPLA ko IAS.

Yau ɗin nan ki ɗauko takardar motar, V5C, ki ga wane adireshi ne a kai. Mutanenmu suna yawan sauya gida a shekarun farko na zuwa, su gyara adireshin lasisin tuƙi su zaci sun gama, alhali rajistar mota daban take, ba ta gyaruwa da kanta. Adireshin da ke rajista shi DVLA ke bayarwa, sai wasiƙu su yi ta zuwa tsohon gida har a yanke hukunci mutum bai sani ba, sai ranar da ya je neman haya aka ce masa da matsala. Roƙon kotu ta janye irin wannan hukunci kuɗin shigar da shi kaɗai ya haura fam 300. Gyaran adireshin kuwa kyauta ne a shafin gwamnati, lambar motar da lambar da ke jikin takardar da lambar unguwarku kawai za a tambaye ki.